Kwana Tara a Kanon Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da zazzaɓin rubutun fim ya kama ni. Na rubuta labari cike da kaye uku (kaye shi ne littafin rubutu a bakinmu na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko), na karanta wa abokaina a fadarmu ta shayi a unguwar Zariya, suka ce wallahi Maraɗi ta yi mini kaɗan. Ni kuwa kai ya fashe. Na ce ai marubucin da bai koma Kano ba wasan yara yake. Masu fim suna can, kyamara tana can, me zan zauna yi nan?

Da na sulale shiru, da asirina ya rufu. Ina! Sai da na bi gida-gida ina ban kwana. Kawuna ya taso takanas daga Tibiri ya dafa kaina ya sa albarka. Inna, mahaifiyata, ta soya mini ƙuli-ƙuli tana share hawaye. Ni kuma na tsaya bakin tasha na ɗaga hannu na ce, "Ba za ku sake ganina ba sai a talabijin!" (Allah ya shirya baki.)

Kano ta yi mini daɗi, tsakani da Allah. Kwana biyu ina tambaya har na kai ga ofishin wani furodusa mai fara'a. Ya karɓi kaye, ya buɗe nan, ya buɗe can, ya yi dariya inda na so a yi dariya. Zuciyata kamar ta tsage don murna. Can ya ɗago ya ce, "Malam, kana da hannu. Amma mutanen labarinka duk 'yan Kano ne, kai kuwa ba ka san Kano ba. Masu rubuta Kano ga su nan har bakin ƙofa. Wanda ya san Maraɗi muka rasa. Koma gida ka rubuta mutanenku, ka turo ta waya."

"In koma ina?" na ce.

"Gida. Ai hanya ba ta rufe ba."

Jama'a, da wane ido? Ƙuli-ƙulin Inna ma bai ƙare ba! A mota na yi ta saƙa da warwara, da muka iso Jiratawa, saura ƙiris mu shiga Maraɗi, na ce wa direba ya ajiye ni. Ina da aboki can, Laminu, mai garkar zogala. Ya ji labarina, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni tabarma. Shirina shi ne in ɓuya wata guda, in dawo gida in ce aiki ya ba ni hutu.

Kullum bayan la'asar sai in kira Inna ta intanet, don kada lamba ta tona ni. In ba ta labarin gadoji, da cunkoson motoci, da wata 'yar fim da na ƙirƙiro wadda ba ta cin abinci sai ta karanta rubutuna. Har harshe na karya, ina Kananci. Inna ta yi ta cewa, "Ikon Allah! Sai mi ya faru?" Ni kuwa in ƙara gishiri.

Ranar ta tara ina zaune gindin zanar gidan su Laminu, tire a cinya ina tsinke zogala, na danna kira. Maƙwabta suna bikin suna, mata sun cika gidan, ban kawo komai a raina ba.

"Inna, yau ba hutu! Ga ni nan tsakiyar masu kyamara, darakta ya ce in babu ni ba a ɗauka."

Daidai nan jakin maƙwabta ya ɓarke da kuka. Na ji shi a kunnen hagu, na kuma ji shi cikin waya a kunnen dama.

"Abin mamaki," in ji Inna a hankali, "jakin Kano muryarshi ɗaya da na Jiratawa."

Na ɗaga kai. Ga ta nan ta leƙo ta saman zana, waya a kunne, mata wajen goma na unguwarmu a bayanta, duk sun zo suna. Wata ta ce, "Lale da ɗan talabijin!" Guɗa ta tashi. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ban ma ajiye tiren ba, haka na miƙe da shi na ce, "Inna, ina wuni?"

Muka kama hanyar gida tare har muka shiga gari. Sannan ta ce, "Ɗan nan, na ji kunya, kuma na ji haushi. Amma kwana tara kana shirga mini ƙarya daga gindin zana, ni da na haife ka ina jiran la'asar don in ji ci gaba. In labari ne, ka iya. Ka zauna inda nake ganinka ka rubuta."

Na zauna ɗin, kuma ina turawa ta waya. Abin da na koya shi ne, labari ba ya tambayar garin da kake. Amma in har za ka ɓuya, ka fara tambaya ko matar maƙwabci ta kusa haihuwa.