Rasuwar Giyabos ɗin Motar Ƙwai da Wanke Ƙafata ta Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba da sunkuyayyen kai ba, ni mai ƙwai ta ƙarshen layi, wadda kuka sani da tsohuwar farar mota, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, masu shagunan da nake kai wa ƙwai, da kuma musamman babban ɗana, rasuwar giyabos ɗin motata, wato akwatin giyarta. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a ƙofar gida, bayan doguwar jinya.

A lura da kyau, giyabos ne ya rasu. Ba motar ba ce, ba kuma ni ba. Na faɗi haka tun da wuri ne saboda tun gawa ba ta huce ba aka fara turo mini masu zagaya motar suna ƙwanƙwasa ta suna tambayar ko ta sayarwa ce. Ɗana kuma ya sayo kujera mai laushi ya ajiye mini a inuwa, wai lokacin hutawata ya yi, in ba shi makulli.

Ban san shekarun marigayin ba. Da shi a ciki muka sayi motar ni da maigidana, Allah Ya ji ƙansa, kuma ko a lokacin ba yaro ba ne. A kansa na koyi tuƙi, a wani fili bayan gari, maigida yana gefe yana riƙe da kai. Na ci zalin giyabos ɗin sosai a watannin nan, bai taɓa riƙe ni a zuci ba. Da maigida ya rasu ya bar ni da yara da kaji, wannan giyabos ɗin ne ya tashi da ni kowace safiya. Shi ya kai yaran makaranta, har da wanda yau yake son karɓe makullin.

Marigayin mai haƙuri ne, ba mai yawan magana ba. In na taka kuloci na tura sandar giya, abin da zai ce kawai shi ne, tak. Giya ɗaya, tak. Giya biyu, tak. A ribas ne kaɗai yake ɗan rera waƙa, wiiii, kamar mai jin kunyar komawa baya. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙwai a mota ya san abin da nake nufi. Ƙwai ba ya yafe fizga. In direba ya saki kuloci da garaje, kiret ɗin da ke baya ne zai ba da labari. Shekara da shekaru muna hawa gadar kasuwa da kiret a jere har rufin mota, ni da shi, ba mu taɓa kai wa mai shago ƙwai a fashe ba sai wanda kaza ta fasa da kanta.

Ga yadda ciwon ya fara, kamar yadda na riƙe shi a kaina. Bara gwiwata ta hagu ta ɗan yi ciwo, irin na kowa. Ɗana ya gan ni ina murza ta, hankalinsa ya tashi. Ya sayo man shafawa, ya kuma sayo wa motar sabon kafet mai kauri kamar katifa, ya durƙusa ya shimfiɗa shi da hannunsa don ƙafafuna su ji laushi. Na sa masa albarka. Gwiwa ta warke cikin mako. Ba a daɗe ba marigayin ya canja murya. In zan shiga giya ɗaya, maimakon tak sai in ji ƙarrr. Ribas ya daina waƙa, ya koma ƙurrr-ƙaƙaƙ, har masu wucewa suna waigowa. Sandar ta yi tauri, sai na haɗa da kafaɗa.

Na kai shi wurin bakanikenmu, mutumin kirki wanda ya san motar tun maigida na da rai. Ya fara da abin da ake farawa da shi. Ya duba man giya, ya zubar da tsohon ya zuba sabo. Ya zagaya da motar ya dawo yana murmushi, tak, tak, tak. Na karɓa, ban kai kwanar farko ba, ƙarrr. Na koma. Ya ɗaure wayar kuloci, ya canja robobin da ke gindin sanda. A hannunsa lafiya lau, a hannuna ƙarrr. Na sake komawa, ya sauke giyabos ɗin gaba ɗaya ya sa sabon farantin kuloci. Wannan karon ɗana ya raka ni, ya zauna kusa da bakanike aka zagaya da shi, ya ji tak da kunnensa. Da muka kama hanyar gida ni ke tuƙi, ya ji ƙarrr da kunnensa.

A nan aka yanke wa ƙafata hukunci ba tare da an tambaye ta ba. Bakanike ya sosa ƙeya ya ce in kuloci bai kai ƙasa ba, giya ba za ta shiga da daɗi ba, kuma shi dai a ƙafarsa yana kaiwa. Sannan ya kalli gwiwata. Ɗana ya ɗauki maganar ya kai gida. Surukata, matar ɗan nawa, ta fara riƙe mini hannu in zan hau matakala ɗaya tak ta ƙofar ɗaki. Ƙanena ya bugo waya yana cewa, Yaya, girma fa ba laifi ba ne. Na ce wa ɗana ya hau motar ya gwada da tasa ƙafar mai ƙuruciya. Sai ya tuna shi bai iya ba, motar da ke canja giya da kanta kaɗai ya sani, ƙafarsa ta hagu yawon buɗe ido take zuwa yi a mota.

Watanni na yi ina taka kuloci kamar mai kashe kunama, marigayin yana kuka, ni ma ina kuka a ciki. Har na fara tunanin ko gaskiyarsu ce.

Sai wata safiya giya ta ƙi shiga a kan gada, mota ta yi tsalle, kiret ɗin da na ajiye a gaba ya kife. Ƙwai ya malale har ƙarƙashin ƙafafuna. Na ja gefe, na fizge kafet ɗin na jefa shi a but ɗin mota don in wanke in na koma gida. Na hau, na taka kuloci, sai na ji ƙafata ta nutse can ƙasa inda ta daɗe ba ta je ba. Na tura sanda. Tak.

Na fito na buɗe but na juya kafet ɗin. Ga rami nan a jikinsa, daidai inda kuloci yake dannawa ya tsaya, ya kasa ƙarasawa. Ko wanke shi ban yi ba. Na wuce gareji da ƙarnin ƙwai, na mayar da shi ƙarƙashin kuloci, na ce wa bakanike ya hau haka nan, kada ya taɓa komai. Ya hau. Ƙarrr, a gaban duk masu jiran gyara. Ya fito ya dafe kai. Ashe duk zuwan da nake yi, abin da yake fara yi shi ne ya cire kafet ɗin ya rataye a kan katanga, don kada ya ɓata mini sabon abu da baƙin man takalminsa. In ya gama gwaji ya kakkaɓe shi ya mayar, sannan ya miƙo mini makulli. Ladabi ne ya rufe masa ido, ban riƙe shi ba.

Na kai wa ɗana kafet ɗin na sa yatsansa a ramin. Ya shafa shi ya sake shafawa. Na ɗauka haƙuri zai ba ni. Da ya buɗe baki sai ya ce, duk da haka dai, Mama, shekaru sun ja.

Amma magani ya zo a makare. Watannin ƙarrr sun riga sun cinye marigayin daga ciki. Giya biyu ta fara fitowa da kanta, sai na riƙe sanda da hannu ɗaya ina tuƙi da ɗaya. Ranar Talata, ina dawowa daga gona da mota cike, ya shiga giya uku ya ƙi fita. Na roƙe shi kada ya kunyata ni a titi, don na san abin da za a ce. Bai kunyata ni ba. A giya ukun nan ya ja ni, a hankali, ta bayan gari inda babu tsayawa, har ƙofar gida. Can ya ce gurrr, ƙwas, ya yi shiru. Ko ƙwai ɗaya bai tsage ba.

Da bakanike ya buɗe shi, man da ya fito yana ƙyalli da garin ƙarfe, haƙoransa sun siɗe kamar bakin tsoho. Na sa ya maimaita dalilin mutuwar da ƙarfi a gaban ɗana da ƙanena. Don haka ina so a sani ko'ina, ƙafata ta hagu ba ta da hannu a wannan rasuwa.

Marigayin ya rasu ya bar yayansa injin, wanda har yanzu yake tashi da murɗa ɗaya. Ya bar abokin zamansa kuloci, wanda aka yi wa ƙazafi tare da ni. Ya bar sandar giya wadda kanta ya goge don yawan riƙo, da tayoyi huɗu da ta biyar a but, da kaji masu yawa waɗanda ba su san an yi rashi ba, suna ta saka ƙwai. Ya kuma bar ni.

Game da jana'iza, za a yi ta ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Na riga na samo wani giyabos na hannu, bakanike yana ɗaura shi yanzu haka. Za a ɗauki gawar daga gareji da safe a kai ta wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan kasuwa. A cikin motar da ya yi wa hidima za a ɗauke shi, kuma ni zan tuƙa. An keɓe wa babban ɗana kujerar gaba, don ya zuba wa ƙafata ido tun daga gareji har kan gada. Masu son sayen mota an yafe musu halarta. Kujera mai laushi tana nan ga duk wanda ya gaji.

Masu zuwa ta'aziyya su zo bayan la'asar. Da safe ba za ku same ni ba, ina kan hanya.