Lafayar Mama a Tayar Kilando

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙawata Haluwa ba, ko da na so mantawar. Sati uku ke nan, amma har yanzu in na ji ƙarar babur a bayana, sai hannuna ya kai wuyana da kansa.

Shekara biyu ke nan da Baba ya kwaso mu daga Gusau zuwa Njamena, unguwar Sabangali. Na shiga lise, wato makarantar sakandare, na iya Larabcin cefane, amma naɗa lafaya ya gagare ni. 'Yan matan da kakanninsu suka zo garin tun zamanin Turawa suna naɗa ta kamar da ita aka haife su. Ni kuwa in na naɗa, sai ka ce katifa aka ɗaure za a kai tasha. Hajja Zara, gwaggon Haluwa, ta taɓa duba na a gaban mata ta ce, "Ya binti, wa ya ƙulle ki haka? Laifin me kika yi masa?" Aka yi ta dariya. Ranar na rantse a raina, a bikin nan sai Hajja Zara ta yaba naɗina.

Ran bikin, Mama ta wuce Tukra, unguwar da ake bikin a tsallaken kogi, tun da safe don taya girki. Na buɗe akwatinta na zaro sabuwar lafayarta mai ruwan zuma, wadda ko sau ɗaya ba ta sa ba (ban tambaya ba, domin na san amsar). Na kwashe awa guda gaban madubi, na bar jela doguwa tana jan ƙasa, irin ta manyan mata. Daga ciki kuwa, saboda zafin garin nan, rigar wasannin lise na bari a jikina, mai lamba tara da ɓula a hammata, da wandon barcina mai zanen agwagi. Wa zai gani? Sannan maƙwabciyarmu ta zana min baƙin lalle har gwiwar hannu, na fito bai bushe ba, hannuwa a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare.

A bakin layi na samu Malam Isa, mai kilando, wato ɗan acaɓan unguwarmu, mutumin Damagaram mai yawan nasiha. Ya miƙo min hular kwano.

"Haba Malam, a kan wannan naɗin?"

"To tattara jelar nan ki cusa tsakanin gwiwoyinki, ki riƙe ƙarfen baya."

"Da wane hannun?"

"Sai mu jira lallen ya bushe, ƙanwata. Ba ke ce amaryar ba balle a ce ana jiranki."

Maganar ta ɓata min rai. Na ce, "Kai dai kula da titi, ni na kula da kayana." Na hau a karkace, ƙafafu gefe guda, yatsu a baje.

Gaskiya a kan gada na ji daɗi. Iskar kogin Shari tana kaɗa jelar lafaya, ina satar kallon masu motoci ko suna kallona. Mun kusa Tukra sai na ji kamar wani ya ɗan ja ni a kafaɗa. Kafin in waiwaya, an sake ja, wannan karon da ƙarfi. Taya ce ta baya ta kama jelar tana naɗewa. Abin da na yi awa guda ina naɗawa, ita ta warware shi kafin in ce innalillahi. Ragowar ya zarge min wuya, tayar ta ƙame, babur ya kwanta da mu a kwalta.

Wannan ɓangaren ba abin dariya ba ne. Ina kwance, fuskata daf da taya, ina buɗe baki numfashi ba ya shiga. Ina jin Malam Isa yana ihu, "Wuƙa! A kawo wuƙa!" alhali babur na kan ƙafarsa. Wani mai facin taya ne ya rugo ya yanke yadin. Numfashin farko da na ja, har yau ina jin ɗanɗanon ƙurar da ke cikinsa.

Sai na miƙe tsaye. Da ma ban miƙe ba.

Jama'a sun yi da'ira: masu kilando, masu sayar da mangwaro, fasinjojin wata bas. Kowa na yi min sannu da Larabci, "Salamtik, salamtik," amma idanunsu na kan agwagina. Na rufe fuska da tafukan hannu biyu na fashe da kuka. Sai na ji murfin mota, na ji ƙamshin turaren da na sani. A duk motocin Njamena, wadda ke bayanmu ta Hajja Zara ce, ɗauke da farantan biki.

Ta ratsa mutane, ta lulluɓe ni da sallayar direbanta, ta shafa wuyana. "Alhamdulillah, wuyan yana nan." Ta ɗan ɗaga sallayar ta leƙa, ta sauke. "Lamba tara, ya binti? Ashe 'yar ƙwallo muke da ita."

Ita ta kai mu asibiti. An yi min ɗinki huɗu a goshi, daidai inda hular kwano za ta rufe, ga ƙunar salansa a ƙwauri. Malam Isa ya karye a tsintsiyar hannu, hularsa ta tsage amma kansa lafiya. A can ne na ga madubi: lallen da na ƙi bari ya goge ya bi hawaye ya kama fuskata, yatsu biyar a kowane kunci, baƙi wuluk. Kwana goma na yi da su.

Da na je gaida Malam Isa, yana zaune da hannu a ɗaure, babu aiki, na kasa haɗa ido da shi. Ya ce, "Laifina ne ni ma, da na tayar da mashin ina ganin jelar. Amma ni dai na kula da titi, ƙanwata." 

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta rungume ni ta daɗe tana kuka. Washegari ta wanke abin da ya rage na lafayar, ta kalmashe bakinsa, ta rataya min shi labule a ƙofar ɗaki, da tabon baƙin mai a jiki. Kullum da safe shi nake fara gani.

Jiya na sake hawa kilando. Hular kwano a kai, jela a cuse tsakanin gwiwoyi, hannu biyu a ƙarfen baya, kamar katifar da za a kai tasha. Hakan ya yi min. Kuma daga ciki, na sa wando na mutunci.