Ban-ruwan da Na Yi wa Murhun Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tarwatsa taron neman aurena da hannuna, a bayan gidan surukaina da ke Harra ta Yamma a Madina. Har yau in na ji ƙanshin dabino a kan wuta sai kunya ta rufe ni.

Ni injiniyan lantarki ne a wata masana'anta a Yanbu, wani gari a nan Saudiyya. Lantarki fa na ce, waya da fitila. Amma a gidan su Sumayya, yarinyar da nake nema, Muhandis, wato Injiniya da Larabci, kawai suke kirana, kamar ba abin da ya gagare ni a duniya, ni kuma ban taɓa gyara musu ba (wa zai ƙi suna mai daɗi?). Mahaifinta, Alhaji Hamza, dattijo ne mai ƙarancin magana. Na daɗe ina zuwa gaishe shi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. In na durƙusa sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ya aiki?" Shi ke nan. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin jira ba, abin ya dame ni har ba na iya zama wuri ɗaya.

Mahaifiyar Sumayya, wadda duk muke kira Umma, tana dafa dibis, wato zumar dabino. Ta jiƙa dabinon, ta tace, ta zuba ruwan a wani faffaɗan faranti na ƙarfe, ta yi ta dafawa har ya yi kauri. Murhunta rabin ganga ne, ya ci itace, ya ƙona mata ƙafafu. Ina ganinsa na ce a raina, ga hanyar shiga zuciyar Alhaji.

"Umma, wannan gangar ai ba ta dace da ke ba," na ce. "Ki bar min, zan yi miki na zamani."

"Kai ɗan nan, ka iya kuwa?"

"Haba Umma! Ai a wurin aikinmu murhu ɗaya ya fi gidan nan girma." (Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne wucewa kawai nake yi ta gefensa.)

Na sa mai walda ya haɗa min akwatin ƙarfe. Na sayo wata farar auduga da ba ta cin wuta, na shimfiɗe cikinsa da ita don kada zafi ya fita, na jera bulon wuta a kanta ina liƙewa da irin ƙasarsa ta musamman. Tsakani da Allah aikin ya yi kyau. Na ɗauke shi hoto ta kowace kusurwa.

To a nan ne Bakanon da ke cikina ya motsa. A unguwar da na tashi kullum gini ake yi, kuma tun ina yaro na san in an yi aikin siminti sai an yi ta ba shi ruwa, in ba haka ba ya tsage. Na jawo tiyo na saki ruwa a cikin murhun. Audugar nan ta sha kamar soso, ni kuwa ina murna wai tana ƙara ƙarfi. Da na koma Yanbu ban bar mutanen gidan sun huta ba. Safe waya, yamma waya: an ba shi ruwa? Ya jiƙa sosai? Har Umma ta karɓi wayar ta ce, "Muhandis, wai murhu ka gina min ko lambu?" Sumayya kuwa, da Hausarta mai rabin Larabci, cewa ta yi, "Halas mana, an ba shi! Wallahi kai mafi sabur." Wato wai ya isa haka, ba ni da haƙuri.

Ana cikin haka Kawu Isa, ƙanin mahaifina, ya zo Umra, Alhaji kuma ya yarda ya karɓe shi a kan maganata. Kowa ya san mai neman aure ba ya zama inda manya ke maganarsa. Kamata ya yi in yi nisa, in jira a kira ni. Ina! Na gwada zama a mota, na fito, na zaga layin, na dawo. Can sai dabara ta zo min: ai yau ya kamata a buɗe murhun, Kawu ya koma Kano da tsarabar dibis, Alhaji kuma ya ga irin surukin da Allah zai ba shi. Na shiga ta ƙofar baya na lallaɓa Umma ta ɗora farantinta.

Manya suna zaune a kan darduma a inuwar dabino, ba nisa da mu, ana zuba gahawa. Na cusa busassun rassan dabino har bakin murhu, na kunna, na ga wutar ba ta sauri, na jawo fanka na saita mata. Sai na fara jin wani tsuuu. Tururi ya soma fitowa ta kowane saƙo. Na ce wa Umma, da murya irin ta masana, "Haka yake yi da farko."

Daidai lokacin Kawu ya gyara zama ya ce, "To Alhaji, mu dai mun zo ne neman iri..."

Sai ji kake ɗam! Bulo ya fashe, ɓarinsa ya yi sama ya kifar da butar gahawa. Kafin a gama salati wani ya sake fashewa, farantin ya karkace, dibis ya kama hanyar darduma. Kawu ya tattare babbar riga ya yi gefe yana "Innalillahi!"

Ni kuwa? Wallahi ban san lokacin da na haura katanga ba. Sai ganina na yi a kan titi, takalmi ƙafa ɗaya, na bar tsohuwar mutane tsaye da ludayi a hannu. A nan tsaye na tuna cewa a wurin aiki sabon murhu da 'yar ƙaramar wuta ake busar da shi, kwana da kwanaki, don kada danshi ya fasa bulon. Na sani fa! Ni kuma na mai da nawa rijiya, sannan na sa masa fanka.

Ta bayan katanga na ji muryar Umma: "Muhandis, shigo mana, ruwanka ne yake dawowa." Alhamdu lillahi ba wanda ya ƙone. Amma katangar da na haura da gudu ta ƙi hawuwa daga waje, dole na zagayo ta babbar ƙofa, na ratsa gidan ina ɗingishi, na tsaya gaban manya na yi sallama kamar baƙo. Kawu ya ƙi kallona. Na durƙusa, na tabbata a raina Sumayya ta fi ƙarfina ke nan, idanuna har sun kawo ruwa.

Alhaji ya daɗe yana duban hayaƙin, sannan ya juya wurin Kawu.

"Malam Isa, ƙarasa maganarka in ba ku yarinyar nan yau," ya ce. "In muka bar shi yana jira, gaba rufin gidan zai ce zai gyara min."

Aka kwashe da dariya, har da Kawu. Ni dai kaina a ƙasa, ina kallon dibis yana shiga tsakanin yatsun ƙafata.

Abin da na koya, ga shi kyauta ga samari: in manya suna maganar aurenka, ka nemi wuri nesa ka zauna, ka danne hannuwanka da cinyoyinka. Ba kowa ne zai dace da surukin da zai ba shi 'ya don ya ceci gidansa ba.