Sunana a Wayar Ya Falmata

Ba zan taɓa mantawa da ranar rufe ajinmu na yaƙi da jahilci ba, a shekarar nan da Maiduguri ta yi wata da watanni babu wutar lantarki, cajin waya ma sai an bi layi wajen mai janareta. Shekarata arba'in da bakwai a lokacin. Da safe ina ɗinkin hula a Abbaganaram, bayan La'asar kuma in tafi Lamisula in zauna a benci ina koyon baƙi da wasali. Malaminmu ya ce ranar rufe aji kowa zai fito ya rubuta sunansa a allo gaban iyalinsa. Abu mai sauƙi. Ni ne dai na ga allo ya yi mini kaɗan.

Maƙwabcina a shago, Bukar, mai gyaran waya ne, kuma ya yi karatun kwamfuta. Wata rana na leƙa na ga tsohuwar wayarsa ta yi baƙi ƙirin, sai wani jan layi yana tsirowa a kanta ɗigo bayan ɗigo.

Na ce, "Bukar, aljanu ne suka shige ta?"

Ya yi dariya. "Yaya, ni ne aljanin. Na ɓalle mata makulli, abin da muke kira rutin. A cikin ƙwaƙwalwarta akwai wurin da ake ajiye launin kowane ɗigo na fuskarta, firembofa sunansa. Na rubuta umarni da yaren da injin yake ji kai tsaye, babu tafinta. In na ce ɗigo na goma a layi na uku ya zama ja, sai ya zama ja."

Wallahi sai da na ƙara matsowa. Ɗigo na goma a layi na uku! Ai wannan ɗinkin hula ne, aikin da nake yi tun ban fara gemu ba. Nan take na ce sunana zan ɗinka a fuskar waya.

Mako uku muna abu ɗaya. Na zana kowane harafi a takarda mai gida-gida, na ƙirga ɗigonsa kamar yadda nake ƙirga zanen hula, Bukar yana shigar da lambobin. Duk abin da ya danna a kwamfuta, har da yadda ya nuna mini ake ɓalle makullin, sai na kwafe a littafina (da hannuna, jama'a, ni da bara ko lambar keke napep ba na iya karantawa). Ranar da sunan ya fito, kore shar a kan baƙi, na yi ihu har mai shayi ya zo a guje yana tambayar ko gobara ce.

Bukar ya haɗa mini yadda taɓawa ɗaya za ta fito da shi. Sannan ya ce, "Yaya, wannan wayar kaɗai na auna wa. Kada ka kai shi wata." Na ce to. Ya bar mini makullin shagonsa ya tafi Kano sayen kayan gyara.

Ana gobe bikin rufe aji na dubi wayar nan, gilashi a tsage, baya ɗaure da roba. Na ce haba, sunana a wannan? Ga ta matata, Ya Falmata, mai sayar da turaren wuta, kamfani ɗaya da ta Bukar, amma ta fi faɗi da sheƙi. Na ce mata zan kai mata caji. Ta miƙo har da yi mini addu'a.

Na shiga shagon Bukar na jona ta da kwamfutarsa, na buɗe littafina na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina kamar injiniya. Can sai wayar ta fito da wani dogon rubutu na Turanci. Mu kuwa Hausa muke koya. Na ƙura masa ido, na gane harufan sarai, ban gane ko kalma ɗaya ba. Littafina ya ce a danna maɓallin sama, na danna. Wayar ta mutu, ta farfaɗo tana walƙiya kamar yau aka ciro ta daga kwali. Har na ce a raina, ka ga na wanke mata ita ma. Na ƙarasa sauran matakan, ban gwada ba don cajin ya yi ƙasa. Na kashe ta, a gida na ce tana shago.

Ranar biki aji ya cika, mata a gefe sun sha lafaya, ƙamshin turaren wuta ko'ina. Ba Modu mai faci ya fito ya rubuta nasa, aka tafa. Da aka kira ni, Malam ya miƙo alli, na ce, "A gafarta Malam, ni na wuce nan." Na zaro waya na ɗaga sama yadda kowa zai gani, na taɓa.

Fuskar ta yi baƙi. Sai ga wasu zare-zare sun bazu a karkace, shuɗi-shuɗi, kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Babu harafi ko ɗaya.

Ba Modu ya gyara tabarau. "Wannan da wane yare ne?"

Wani daga baya ya ce, "Sunansa ne na Sin!"

Ni kaɗai na gane abin da ya faru, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Layin wannan wayar ya fi na waccan yawan ɗigo. Kowane mai ɗinkin hula ya san in ka ɗauki ƙirgan ƙaramar hula ka ɗora wa babba, zanen zai zame layi bayan layi har ya watse. Shekara talatin ina yi wa masu koyo faɗa a kan haka.

Ana cikin dariya Ya Falmata ta taso. "Baban Yagana, ba tawa ba ce wannan?" Ta karɓa, ta kashe ta kunna, ta yi ta shafawa. Na ga fuskarta tana sauyawa.

"Ina lambobin masu sayen turarena? Ina hotunan sunan jikata?"

Ashe abin da Turancin nan yake faɗa ke nan: in ka danna, komai zai goge.

Malam, Allah ya saka masa, ya sake miƙo allin. Na rubuta sunana, kuma ya fito daidai. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Da Bukar ya dawo na kai masa da fatan zai ceto wani abu. Ya jujjuya ta, ya ce, "Yaya, ka yi aiki mai tsabta. Ko ni ban iya gogewa haka ba."

Tun daga ranar, duk rubutun da ban gane ba, ba na danna masa komai sai na nemo mai karanta mini. Na kuma shiga ajin Turanci, Ya Falmata ce ta rubuta sunana a rajista da kanta.

Abin da ya tafi: lambobin waya ɗari da sittin da biyu, hotunan suna arba'in, saƙonnin murya tara na yayarta da ke Makka, da tuwon da aka daina yi mini har kwana goma sha ɗaya.