Katina Ya Rasu, Asirina Ya Bi Shi

Katin bankina ya mutu, kuma ba ciwo ne ya kashe shi ba, almakashi aka sa masa. Da zuciya cike da baƙin ciki har wuya, da haushi daga wuya zuwa sama, ni mai walda na kan kwana nake sanar da 'yan uwa, da abokan sana'a, da masu shagunan layinmu, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bayana wurin cirar kuɗi yana tsaki, cewa marigayin ya cika a kan kantar tsohon bankina. Ya cika ne a hannun wata ma'aikaciya da ko kallonsa ba ta yi ba, tana yanka tana yi wa ta kusa da ita hirar takalmi.

Ba zan ce Allah ya jiƙansa ba. Roba ne, na san iyakata. Amma na ga mutane da dama da aka yi wa dogon yabo ran da suka mutu, alhali ba su kama ƙafarsa a riƙon amana ba.

Marigayin ɗa ne ga wani kati shuɗi, jika ga wani littafin ajiya da ɓera ya ci rabinsa. Gidan mutunci ya fito, gidan da ba a surutu. Shi kaɗai na sani da aka haifa da ranar mutuwarsa a rubuce a ƙirji, kuma duk da haka ba a bar shi ya kai ta ba.

Duk rayuwarsa a aljihun gaban rigata ya yi ta, cikin wata tsohuwar walat. Tartsatsin walda ya huda rigar da ke kansa ba adadi, bai yi ƙorafi ba. Uwar yara ta taɓa jiƙa shi da rigar a bokiti, ya kwana a ruwan sabulu, da safe ya tafi aiki. Zafi ya ɗan lanƙwasa shi, ya zama kamar dattijon da ya rusuna zai gaisa ya manta bai miƙe ba. Akwai lokacin da injin cirar kuɗi ya haɗiye shi a ƙarshen mako, ya kwana a duhu tare da katunan mutanen da bai sani ba, ya fito bai faɗa wa ko ɗayansu abin da nake da shi ba.

Magana ba ta dame shi ba. Duk zamanmu abin da na taɓa ji daga gare shi bai wuce "shak" idan ya shiga bakin inji, da "tas" idan na buga shi a farcena ina jiran layi. Na ƙarshe shi ne "ƙas", kuma wannan ba shi ya so ya faɗa ba.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Yana da taurin kai, an sha cewa halinmu ɗaya. Ran da ya ga dama ya ƙi, ko ka goga shi a hannun riga, ko ka hura masa iska, ko ka juya shi ka sake sawa, ba zai ba ka ko sisi ba. Ya sa na sha rana, ya sa na sha layi. Amma ƙin nasa da hankali a ciki. Sau biyu ƙanin matata, wanda ake kira Injiniya saboda ya taɓa gyara rimot, ya raka ni har bakin inji don in ranta masa. Sau biyu marigayin ya ƙi. Ban ce masa ya ƙi ba. Shi ya dubi fuskar mutumin ya yanke hukunci.

Ciwon ajalinsa ya fara ne ran da wani ɗan kwangila ya tsaya da mota a bakin shagona. Yana gina jerin gidaje, yana son ƙofofi da tagogin ƙarfe gaba ɗaya, aikin da na yi shekaru ban ga irinsa ba. Muka yi ciniki, muka daidaita. Sai ya zaro waya yana dube-dube a bango, wai ina zanena yake. Ashe wani zane ne mai kusurwa huɗu, kamar inda ƙudaje suka yi taro suka watse, wanda ake nuna wa waya ta biya. Ya ce shi ba ya yawo da kuɗi, ba ya aika kowa banki, in babu zanen akwai wani mai walda a gaban shataletale da yake da shi.

Na je tsohon bankina. Manajan ya ba ni kujera, ya ce maganar biya ta waya, suna kan hanya. Na tuna masa cewa tun bara waccan suke kan hanyar nan. Ban san daga wace duniya suka taso ba.

Injiniya ne ya ja ni sabon banki. Wuri ne fes, babu benci, babu mai gadin da zai tambaye ka iyali. Wani saurayi mai matsattsen wando ya ɗaga waya a gaban fuskata, ya ce in ƙifta ido, in juya hagu, in juya dama, in buɗe baki. Ni da likita ma sai mun yi gardama kafin in buɗe masa baki, na tsaya gaban sa'an ɗan cikina ina hangame baki kamar kifi. Aka ba ni zanen ƙudajen na manna a bango. A hanyar dawowa Injiniya ya ce barin tsohon asusun asara ce, duk wata suna ɗan yanka. Ni kuma ba na ajiye guduma biyu don aiki ɗaya. Na koma na ce a rufe. Ma'aikaciyar ta ce in kawo katin. Na miƙa, na ɗauka dubawa za ta yi.

Da na nemi gawar, ta ce su kwandon shara suke jefawa. Na tsaya a wurin ban motsa ba, layi ya taru a bayana, har ta gaji ta turo mini shi gida biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan sanarwa, don kada wani ya ce mai walda ya haukace yana makokin roba.

Walda ta ci idona. Ƙananan rubutu ba na gani, tabarau kuma ba na sawa, ni ba malamin makaranta ba ne. Injiniya ya ga ina miƙa wayar can nesa ina ƙanƙance ido, sai ya karɓa ya danna wasu abubuwa, ya ce shi ke nan, daga yau duk kuɗin da ya shigo ita za ta karanta mini da baki. Muryar wata mata ce, irin ta masu sanarwa da lasifika, wadda ba ta san raɗa ba. Kwanakin farko har dariya na yi. Ban tambaye shi yadda ake rufe mata baki ba. Daga baya na gano shi ma bai sani ba. Uwar yara ta ce ai ci gaba ne. Ita kam ta ci gaba, tana ɗakin girki take jin abin da ya shigo aljihuna.

Shagon nan ba nawa ba ne. Tun ina da baƙin gashi nake haya a wurin Baba mai gini. Ni na zuba simintin ƙasa, ni na canza kwanon rufi, ni na ƙera ƙofar da hannuna. Sau ɗaya a shekara Baba yakan zo maganar haya. Ya zauna a benci, in karɓo masa shayi, ya yi kukan gwiwa da tsadar magani, ni in yi kukan wuta da tsadar ƙarfe. Ya ce ya aiki, in ce rufin asiri dai, Baba. Ya san ba yunwa nake kwana da ita ba, ni ma na san gwiwar nan tana hawa bene lafiya lau. Ya ɗan ƙara abin da ya ƙara, in yi nishi kamar an cire mini haƙori, mu yi musabaha. Idan ya koma gida sai ya ce wa 'ya'yansa mai waldan nan talaka ne, shagon ba ya kawo komai, a ƙyale shi. Da haka ya yi shekaru yana kare wurin daga babban ɗansa, wanda ake ce wa Manaja, ko da yake ban da makullin motar ubansa ban san abin da ya taɓa riƙewa ba.

Wannan ba ƙarya ba ce, kuma duk wanda ya kira ta ƙarya bai taɓa biyan haya ba. Mutum biyu ne kowa ya rufa wa ɗan uwansa. Marigayin yana aljihu duk shekarun nan, yana jin komai, ya san gaskiyar lissafi fiye da mu biyun, bai taɓa ko tari ba.

Bana Manaja ne ya tuƙo Baba. Bai zauna a mota ba, ya shigo ya jingina da ƙofa yana latsa waya. Baba ya kurɓi shayi, ya gama da gwiwa, ya ce ya aiki. Na buɗe baki na ce rufin asiri dai. Ban rufe bakin ba matar nan ta ɗaga murya daga aljihuna, daga aljihun nan da marigayin ya kwanta a ciki. Ta ce an turo mini kuɗi. Ta faɗi sunan ɗan kwangilar. Ta faɗi adadin tun daga kansa har 'yan canjin da ke wutsiya, a hankali, kamar tana tsoron kada wani ya rasa ji. Sannan ta gode mini da na zaɓe su.

Manaja ya daina latsa waya.

Baba ya dubi cikin kofinsa. Ya ce, "Mai walda, ni kunnena ya yi nauyi, ban ji komai ba." Ya ajiye kofin a kan benci, ya nuna bakin ƙofa da haɓa. "Amma shi ya ji."

Abin da matar ba ta faɗa ba shi ne, kuɗin nan na ƙarfe ne, da fenti, da sandar walda, da motar ɗauko kaya, da ladan mutum biyu da ke taya ni. Abin da zai rage bayan an gama shi ne na tukunya, kuma bai kai a kira taro a kansa ba. Ta iya faɗin abin da ya shigo, ba ta san abin da zai fita ba. Na yi wa Manaja wannan bayani, na nuna masa tarin ƙarfen da ke jibge wanda ban biya ba tukuna. Ya ce shi dai waya ba ta ƙarya. Mako bai zagayo ba ya dawo shi kaɗai, ya ce suna buƙatar wurinsu ƙarshen wata, ashe walda akwai kuɗi, shi ma ita zai buɗe. Mutumin da ko ƙwan fitila bai taɓa ɗaurawa ba. Na ji har ya sayo hular walda, yana ta ɗaukar hoto da ita.

Baba bai sake biyowa ta layinmu ba. Ya aiko mai shayi ya ce a gaishe ni. Ba na jin haushinsa. Shi ma nasa asirin aka tona a gaban ɗansa, kuma ba shi ya canza banki ba.

Marigayin ya rasu ya bar walat ɗaya, wadda har yau shatinsa na nan a jikin fatarta, ba ta yarda ta kwanta daidai ba. Ya bar lambar sirri da ni da shi kaɗai muka sani, ina riƙe da ita a kai, ba ta buɗe komai. Ya bar mai gadin tsohon banki, wanda kullum masu gaishe shi raguwa suke. Ya bar manajan bankin da har yanzu yana kan hanya. Ya kuma bar ni, da wata mata a aljihu da ban san yadda ake sa ta yin shiru ba. Na gwada naɗe ta a tsumma. Ta cikin tsumman ma sai da ta faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a shagon, ranar da zan miƙa makulli. Zan sa gutsattsarinsa biyu a cikin bututun ƙarfen da ke riƙe da ƙofa, in toshe bakin da walda da hannuna. Ƙofar dama ba za ta bi ni ba, Manaja ya ce tana cikin gini. To ta zauna. Kowace safiya idan ya zo buɗewa, zai tura wanda ya fi shi sanin darajar aiki da ta baki.

Masu zuwa su zo da kayan aiki a jikinsu, ban da fararen kaya. Da an gama za mu kwashe injin walda, da injin yanka, da benci, da ƙarfen ɗan kwangila, mu kai bayan gidana ƙarƙashin bishiya, a nan zan ƙarasa aikin kafin in samu wani wurin. Injiniya ya zo da wuri, shi zai kama injin ta ɓangaren da ya fi nauyi. Kowa ya kashe wayarsa a bakin ƙofa, don girmama wanda ya rayu bai yi surutu ba. Wanda yake da niyyar ba da wani abu na ta'aziyya ya dunƙule a hannu ya sa mini a aljihu shiru. Kada a turo ta waya. Za ta faɗi suna, ta faɗi adadi, mai rowa da mai kyauta duk su ji kunya a wuri ɗaya.

Ga masu tambayata ko sabon bankin yana aiki, yana yi. Kafin ɗan kwangila ya sauke hannunsa kuɗi sun iso. Kuma ran da na je sun ce mini buɗe asusu kyauta ne, ba za su karɓi ko sisi ba. Gaskiya suka faɗa. Shagon kawai na bayar.