Antibirus Uku a Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗiyar Yaya Alhasan ba. Ko na so in manta ma, Gwaggo Sa'a tana raye, kuma bakinta lafiya lau.

Yaya Alhasan shi ne babbanmu. Yana Abijan yana aikin sauke kaya daga jiragen ruwa, kuma ya daɗe rabonsa da Tawa. Da matarsa Balki ta kusa haihuwa sai ya turo ta gida, ya haɗo ta da ordinatar, wato kwamfuta, irin wadda ake rufewa a saka a jaka. Dalilinsa ɗaya ne: Inna. Idon Inna ya yi yana, in ka nuna mata hoto a salula sai ta ce ita dai haske kawai take gani. Amma a tele, in ta matso kusa, tana gane fuska. Shi ne Yaya ya ce ranar suna a jona ordinatar da tele, ya kira ta bidiyo, ya faɗi sunan abin da aka haifa da bakinsa, yana kallon Inna, ita ma tana kallonsa. Ko Balki bai faɗa wa sunan ba.

To wa za a damƙa wa wannan aiki? Ni mana. Ni ce sakatariya, ni ce mai buga takardu a biro, wato ofis, ni ce wadda ake aikowa a kira in salular wani ta ƙi motsi a gidanmu. (Gaskiyar magana, kashe ta kawai nake yi in sake kunnawa. Kar ku faɗa musu.)

Ni kuwa abin da nake tsoro a duniya shi ne birus, cutar nan mai shiga na'ura. Na taɓa ganin ta cinye takardun biro kaf, har shugabanmu ya cire hula ya zauna a ƙasa. Saboda haka na ce kafin komai sai na samo wa ordinatar Yaya antibirus, wato maganin rigakafi. A nan masifar ta fara, don na shiga neman shawara.

Mushe Idi, maƙwabcinmu malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce na kyauta ya isa, shi da shi yake aiki tun fil'azal. Mai sibar, shagon intanet ɗin da ke bayan kasuwa, ya yi tsaki, ya ce na kyauta ai barci yake, in sayi nasa mai jan kwali. Abokiyar aikina Mariyama ta ce su duka biyun ba su san komai ba, nata har idon kyamara yake rufewa, kada wani ɗan iska ya leƙo ki daga wata ƙasa kina ɗaura zane. Kowa na rantsuwa, kowa na kushe na ɗan'uwansa. Kai, jama'a! Abu ɗaya na tambaya, aka ba ni ciwon kai.

Sai na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. A gidanmu in yaro ya yi zazzaɓi, ana kai shi likita, a karɓo masa rubutu, Inna kuma ta dafa masa sabara, kuma ba mu taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba. Mene ne laifin haɗawa? Na karɓo dukkan ukun a kile, ɗan abin nan da ake soka wa na'ura a kwafi abu, na ɗura su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na bar ordinatar ta ko shaƙi intanet ba, tunda daga can cutar take fitowa. Na naɗe ta a zane, na kulle a akwati.

Balki, tana fama da ruwan jego, ta ce mini, "Ke, ba mu gwada ta kahin ranar?"

Na ce, "A buɗe ta ta kwashi cuta tun yanzu? Ki ji da wankanki, ki bar mini aikina."

(Allah ya ba Balki lada. Har yau ba ta taɓa tuna mini da wannan maganar ba. Kallona kawai take yi, wanda ya fi zafi.)

Ranar suna gida ya cika. Dangin Baba sun zo daga Affala, dangin Balki daga Bambeye. An shimfiɗa tabarmi har ƙofar gida, liman ya zauna, goro da dabino na cikin faranti, rago na ɗaure, mahauci ya wasa wuƙa. Abu ɗaya ake jira: suna. Yaya kuwa ya roƙi ubangidansa ya ba shi ɗan lokaci, da ƙyar aka ba shi. Na sa an fito da tele ƙarƙashin rumfa, har da lasifikar aro, don kada na baya su ce ba su ji ba. Inna ta saka sabuwar atamfa, ta shafa kwalli a idon da ba ya gani sosai, aka ajiye mata kujera dab da tele. Ta tambaye ni, "Shina ganin atamhwar ga kuwa?" Na ce har zaren zai gani.

Na warware zanen a hankali, don kowa ya kalla. Na kunna. Na jona ta da tele, sannan da intanet ɗin salulata.

Wayyo ni! Ashe su ukun nan jira suke. Suna jin intanet suka farka gaba ɗaya, kamar raguna uku a turke ɗaya. Wannan ya ce wancan ɓarawo ne, wancan ya ce wannan ne cutar. Tele ya yi ja wur. Sai ga jiniya ta fito ta lasifika, wiii, wiii, har ragon sunan ya zabura ya kusa tsinke igiya. Daga nan wata mata ta hau magana da Faransanci, da ƙarfi, tana maimaita abu ɗaya.

Liman ya ce, "Mi ta ce?"

Da Mushe Idi ya yi shiru, da na rufa wa kaina asiri. Ina! Ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau kamar yana gaban aji. "Malam, ta ce an gano mugunyar cuta, kuma tana iya yaɗuwa."

Gwaggo Sa'a, ƙanwar Baba, ta yi kururuwa daga cikin mata: "Ku ɗauke jinjirar ga! Ku shige da ita ɗaka!" Mata suka dare. Wani tsoho daga Affala ya ja tabarmarsa baya, ya rufe hanci da rawani. Ni kuwa ina ta cewa ba irin wannan cutar ba ce, babu mai saurarena, gumi na bin bayana har cikin zane.

A cikin wannan hayaniyar kiran Yaya ya shigo. Na danna, na danna, na sake dannawa, kibiyar ta ƙi motsi. Da ta ga dama ta motsa, sai na Mariyama ya fito ya ce ya rufe kyamara don kare mutuncina. Mutuncin me? Wane mutunci ya rage mini? Ina neman inda zan ce masa ya buɗe, kiran ya yanke. Ashe su ukun suna ta sauko da sabbin magungunansu, sun lashe forfen salulata tas, wato intanet ɗin da na saya. Sai ordinatar ta kashe kanta, ta rubuta a tele cewa tana gyara, kada a taɓa ta.

Inna dai tana zaune, hancinta kusan a jikin tele. Ta ce, "Shi ne wanga? Ban gane shi ba."

Balki ce ta aiko da salularta. Yaya ya kira ta nan ta bidiyo, yana cewa a yi sauri, ubangidansa na kiransa. Aka miƙa wa Inna, ita kuwa ta yi abin da ta saba, ta manna ta a kunne. Ba wanda ya yi ƙarfin halin janye mata. Muna ji ya ce, "Inna, sunanki na sa mata. Hadizatu."

Kwallin nan na Inna ya biyo hawaye har haɓa. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka yanka rago. Abin da Yaya ya gani na murnar uwarsa, bayan duk kewar nan, shi ne kunnenta da gefen kallabi. Fuskar da ya yi tanadin gani, ni na gan ta, ni da na ɓata komai.

Da yamma Inna ta kira ni ɗakinta. Na shiga ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Ke da kika gane shi cikin salula, ya rame?" Na ce bai rame ba. Washegari shi ma ya aiko mini da saƙon murya: "Mi Inna ta yi da na faɗi sunan? Ki ba ni labari, kada ki rage komai." Wallahi da zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu antibirus ɗaya ne a ordinatar, kuma ban ma tuna na wa na bari ba. In za a yi amfani da ita gobe, yau nake kunna ta. Na kuma koyi cewa in mutum uku suka ba ni shawara uku, ɗaya zan zaɓa in haƙura, ko da sauran za su yi fushi. Hadizatu ta fara tafiya, ana kiranta Ƴar Inna. Amma har gobe, in na fito da jakar ordinatar, Gwaggo Sa'a sai ta miƙa hannu ta janye yarinyar ta ɓoye a bayanta.