Ajiya a Kwandon Kwamfuta

Shekarar da 'yan ƙwallonmu suka ciyo zinare a Amurka na fara aiki a shagon buga takardu na Maman Ladi, kusa da tashar jirgin Kafanchan. Na tarar da takardun cikin kwamfuta a warwatse. A gidanmu, takardun ajami masu daraja a kwando ake adana su. Sai na yi bisimilla, na tattara komai cikin hoton kwandon da ke fuskar kwamfutar, har da wa'azin Lahadi na fastonta.

Ranar Asabar Maman Ladi ta share kwandon kamar kullum, komai ya goge.

Da na nuna mata inda na adana takardun, sai ta ce, "Wayyo Malam, wannan ai bola ne!"

Ba ta kore ni ba. An daɗe da rufe shagon, amma ina kewar jin ta ƙwala mini kira daga tsallaken titi: "Malam Kwando, yau me aka adana?"